Me Aka Zuba Mana a Kofin?

Assalamu alaikum, Yaya Sale.

Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya da yara. Yaya ƙafar taka da sanyin Jos? Mu nan Haɗejiya lafiya, sai dai ruwa ya sake cinye shinkafar fadama, kuma babu wanda ya leƙo mu.

Ranar bikin 'yancin kai, Malama Rifkatu, shugabar firamaren unguwarmu, ta matsa sai na je taronsu. Na ce ban ga abin murna ba. Ta ce, "Baba, kai ka ga ranar da idonka, zo ka ba yara labari." Na je. Suka yi tseren buhu, aka raba musu fensir da alewa. Na faɗa musu yadda aka jera mu cikin rana muna yara, aka ba kowa 'yar tuta da kofi.

Sai wata yarinya ta ce, "Baba, me aka zuba muku a ciki?"

Yaya, ni da na haddace sunayen gwamnonin Turawa, wannan ya ɓace mini. Na so in ce babu komai, amma ban tabbata ba, kuma ba zan ɗora wa 'yar mutane ɗacin raina ba. Na ce ta ba ni mako biyu.

Kai ne a gabana a layin. Shayi ne, ko kunu, ko haka muka kai shi gida? Don Allah ka rubuto da wuri, yarinyar ta riga ta zo ƙofar gidana sau biyu.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Malam Buba.

Ƙaninka,
Idi