Filomena Biyu

Zuwa ga ƙanena Saverio,

Gaisuwa mai yawa daga nan kan tudunmu na Kalabiriya zuwa can ƙasar ƙanƙara. Ina fata kana lafiya, kai da Teresa da yara, kuma gwiwar nan taka ta daina hana ka hawa bene. Ubangiji Ya ƙara lafiya, Ya tsare ku gaba da baya. Mu nan sai godiya. An gama tsinkar zaitun, man bana ya fi na bara, amma mijina Gaetano yana nan da mitarsa, wai ruwa bai sauka kan kari ba. Mama tana cin abinci, tana faɗa da kowa, ka kuwa san alamar lafiyarta ke nan, duk da ta haura tasa'in kuma ƙafa ta ƙi.

Maganar 'yata Ilaria ce ta sa na ɗauki alƙalami, don yarinyar nan ta burge ni, har na rasa wanda zan yi wa alfahari sai kai. Tun bazara ta lallaɓi Fada, limamin cocinmu, ya buɗe mata tsofaffin littattafan ƙidaya na coci, waɗanda limamai kan bi gida-gida su rubuta gabanin Ista. Ta ɗauki hotonsu kaf, ta zauna tana zuba su cikin jadawali a kwamfuta, kowane mutum da layinsa: suna, shekaru, unguwa, uba da uwa. Na ce mata a wannan dangin sai ta zauce, tunda kowa sunan kakansa yake ci, rabin maza Saverio, rabin mata Filomena. Ta yi dariya, ta ƙara gurbin laƙabin kowane gida. Yanzu da ta taɓa maɓalli ɗaya, sai ka ga mutanen da muka sani a bakin tsofaffi kawai sun jeru tsaf, iyaye sama, 'ya'ya ƙasa. Wannan haƙuri ba daga wurina ta samo shi ba, balle ubanta.

Ranar Lahadi sai na'urar ta shafa wa layi biyu ruwan ɗorawa, alamar maimaici. Duka biyun Filomena, uba ɗaya, uwa ɗaya, gida ɗaya, wato Mamarmu. Gaetano ya leƙo da cokalin taliya a hannu, ya ce ai limamin zamanin ne ya sha giyar gidaje uku kafin ya iso namu, a goge ɗaya a huta. Ni ma haka na gani. Ilaria ta ce ita ba ta goge mutum sai ta tambayi mutum. Ta nuna mana cewa Filomena jaririya ce a wata ƙidaya, ta ɓace a ta gaba, sannan ta sake bayyana jaririya, ta ce ko a ƙauyenmu jariri ba ya shekara biyar yana jariri.

Ta ɗauki kwamfutar ta kai wa Mama bakin murhu. Mama ta ce a kawar mata da wannan faranti mai haske, sai Ilaria ta karanta mata sunan. Nan take Mama ta ce ai wannan ta farko ce, wadda zazzaɓi ya ɗauke tana tatata, da aka haifi ita Mama sai aka maida mata sunan kamar yadda ake yi. Ta ce uwarta takan kira sunan wani lokaci tana kallon wani wuri daban, ita kuwa tun tana ƙarama ta gane ba ita ake kira ba, sai ta yi shiru. Babu hoto, babu kabarin da aka sani, kuma duk waɗanda suka taɓa ɗaukar yarinyar sun tafi. Saverio, ni da na girme ka ban taɓa jin wannan ba, kuma na yi kuka ba kunya.

Mama ta tambayi wace ce a sama a cikin jadawalin. Da aka ce ita ce, ta ce a gyara maza, ina aka taɓa ganin ƙanwa gaban yayarta. Ilaria ta gyara, ta cire ruwan ɗorawar. Daga nan Mama ta ba da umarni, ta ce in sanar da kai don kada ka zo daga baya kana musu: idan ranarta ta zo, a sassaƙa Filomena sau biyu a kan dutsen kabarinta, kuma a ja wa mai sassaƙa kunne cewa ba kuskure ba ne. Na amsa mata a madadinmu duka.

Ka gaida Teresa da Carmine da ƙaramar Grazia, da Kawu Pasquale in kunnensa yana ji. Mama ta sa muku albarka.

Yayarka mai kewarka,
Assunta