Wayar Nan Ba Ta San Murmushina Ba

Da sunan Allah, Mai rayawa, Mai kashewa. Ni ne mahaifinku, mai zane, mazaunin ɗakin da ke saman shagon wanki, a wannan ƙasa ta sanyi da na zo da niyyar in ɗan taɓa in koma gida, ga shi na yi furfura a cikinta. Ina rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ban kai ga shan maganin nan da ke sa in ga bango yana tafiya ba. Likita ya ɗaga hoton ƙirjina ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Ni kuwa sana'ata ce, na san ma'anar mutum ya daɗe a gaban hoto ya yi shiru: ba zai saya ba.

Ku uku nake yi wa wasiyyar nan. Babba, kai da ke kula da shafina na zane a waya. Mamana, ke da ke aiki a kantin magani. Sai Auta, wanda ya gaji hannuna bai gaji bakina ba. Ban bar gida ba, ban bar gona ba. Abin da na bari mai daraja yana cikin wayata: hotunan duk zanen da na taɓa sayarwa, da saƙonnin muryar marigayiya mahaifiyarku, waɗanda babu su a ko'ina sai can. Abin da ke damuna kuma guda ne, wato Babba da Mamana ba sa ga maciji. Ku karanta har ƙarshe, za ku ga inda biyun suka haɗu.

Na san wani zai ce ai Baba ya taɓa mutuwa ya dawo. Gaskiya ne, bari in rubuta yadda aka yi saboda jikoki. Bara ciniki ya yi sanyi. Babba ya shiga darasin wani Malamin Talla a waya, mutumin da bai taɓa sayar da komai ba sai darasin yadda ake sayarwa. Shi ya koya masa cewa abin da ba a yi wa bayani ba ya fi jan ido. Sai Babba ya ɗauke ni hoto ina kallon taga, ya cire masa launi ya bar shi baƙi da fari, ya ɗora a shafi ba ko kalma ɗaya. Duniya ta ɗauka na cika. Ya ga mabiya suna kwarara kamar an fasa bututu, ya ce bari a ɗan jira tukuna kafin a gyara. Mamana ta gani tana bakin aiki. Ta fito da takalmi ƙafa ɗaya, ta shiga motar haya tana kuka, ta banko ƙofata, ta same ni ina yanke farce. Tun ranar ta toshe wanta a waya, ta toshe shi a zuciya. In suka haɗu a matakala, ɗaya ya kama karatun bango, ɗaya ta kama duba jaka.

Ni kuwa na zauna na karanta ta'aziyyata da idona, abin da ba kowa ke samu ba. Wanda ya taɓa cewa zanena ya fi dacewa da bangon makarantar yara ya rubuta cewa an yi rashin giwa. Zanen da suka shekara jingine a bayan ƙofa suka tafi kafin la'asar. A nan na gane tallan da ya fi ci ga mai zane shi ne ya mutu. To ga shi zan yi na gaske, kuma ba zan ci ribarsa ba.

Na ɗaya. Idan ta tabbata, a fara sanar da mutane da baki. A kira ƙanena da ke gida ya ji murya, kada ya gani a shafi tsakanin tallan takalmi da bidiyon kyanwa. Mamana ce za ta sanar, don Babba ko ya rantse ba wanda zai yarda. Hoton da za a ɗora ya zama mai launi. Ban yarda da ragin farashi na makoki ba, ban yarda a nuna ni kai tsaye daga gadon asibiti ba, ko da Malamin Talla ya ce a nan kasuwa take.

Na biyu, kayan mutane. Fitilar nan mai kamar zobe da ke haska fuska ta mai askin da ke ƙasan benen nan ce. Ya ara mini ita don bidiyo ɗaya, tun yaransa ba su fara makaranta ba. Kullum in na wuce sai ya tambayi lafiyarta kafin tawa. A mayar masa, a ce masa ta yi ƙoƙari, fuskar ce ta ƙi. Abin ɗora waya mai ƙafa uku na mai wanki ne, ƙafa ɗaya ta karye, kuma ni na zauna a kai, kada a ɗora wa kowa. Mai yi wa zanena firam kuma na yi masa alkawarin zana matarsa, na fara ban gama ba. Auta, ka ƙarasa. Hancin da ta zaɓa za ka sa mata, kada ka bi na fuskarta. Na bi gaskiya a karon farko, shi ya sa har yau ba a gama ba.

Na uku, durowar ƙasa ta teburin aiki. Wannan maƙabarta ce. Duk abin da ke cikinta an taɓa ce mini shi ne gobe, wanda bai saya ba an bar shi a baya. Na saya, aka bar ni a baya da shi a hannu. An ce zamani riga, ba wanda ya gaya mini cewa rigar tana ƙanƙancewa duk wanki.

Agogon da ke ƙirga taku ya tafi ga Auta. Yakan yi tsuwwa ya ce in tashi in motsa, ko ina tsakiyar zana idon mutum. Ni ya kasa, wataƙila kai ya fitar da kai daga ɗaki. Ƙaton tabaran da ake sawa a ga wata duniya, a ba jikoki. Na sa shi sau ɗaya, na ga teku da tsaunuka, na taka gwangwanin fenti na gaske. 'Yar lasifikar da ake yi wa magana ta amsa, na bar wa mijin Mamana. In na ce ta kunna fitila sai ta gaya mini yanayin sama. Shi ma haka yake, za su shaƙu. Ba zagi ba ne, surukina mutumin kirki ne, shi ke hawo da ruwa saman nan ba a roƙe shi ba. Tarin cajojin da suka cukuikuye kuwa a raba daidai. Ba wadda ke shiga wayar kowa a cikinsu, amma ba a zubar da su, haka muka tarar ana yi.

Na huɗu, naka ne Auta, tare da burusa da sauran fenti. Hannunka ya fi nawa, na faɗa a rubuce tunda bakina ya ƙi. Amma kana zane kana juya shi ya kalli bango kamar wanda ya yi laifi. Yabon kai jahilci ne, na yarda. To ɓoye kai ma yunwa ce. Ka nuna aikinka. Ka ɗauki hotonsa da hasken safe a gefen taga, kada ka ɗauka ƙarƙashin ƙwan lantarkin nan mai sa kowane launi ya yi kama da mara lafiya. Ka rubuta farashi a fili, wanda zai gudu ya gudu da wuri. Duk wanda ya ce ka yi masa kyauta zai tallata ka ga jama'arsa, ka tambaye shi ko mai gidan haya yana karɓar jama'a. Kada ka sayi mabiya. Babba ya taɓa sayo mini, dubbai, ba mai tari a cikinsu, har da ranar mutuwata ba wanda ya zo gaisuwa. Ka amsa wa mai tambaya da ladabi, mai zagi kuma ka bar shi da datarsa. Kada ka yi rawa. An sa ni na yi, riƙe da burushi, ina nuna kalmomi a iska da yatsa. Mutane suka kalla sosai, ba wanda ya tambayi zanen, gwiwata kuma ba ta koma daidai ba. In kiɗa ya canza rawa ma ta canza, haka ne, amma ba kowane kiɗa ne naka ba. Wanda ya sayi zane ɗaya ya dawo da ɗan'uwansa ya fi maka dubu masu dangwala yatsa su wuce.

Na biyar, Babba. Zan yi maka adalci, don ba kowa ke yi maka ba. Kafin ka buɗe shafin nan, ina tsayuwa a bakin titi da zane a hammata, sanyi yana cin kunnena, mutane suna ratse ni kamar turken fitila. Kai ka shigo da ni ɗaki. Ta shafin nan wata baiwar Allah ta aiko da tsohon hoton uwarta da ruwa ya ɓata, na zana mata ita, ta kira tana kuka. Wannan ladan har da kai. Shafin naka ne, ka ci gaba da riƙo, amma aikin Auta za ka riƙa ɗorawa, da sunansa. Injin nan da ka nuna mini, wanda ka ciyar da hotunan zanena har ya koyi kwaikwayona, ban yarda ya zana komai da sunana ba. Na ga aikinsa. Yana da sauri, ba ya ciwon baya, ya ba wata mata yatsu shida kuma bai ji kunya ba. Ka yi abin da ka ga dama da shi da sunanka. Ni dai in na mutu a bar ni in huta, kada a ce marigayi ya fitar da sabo duk ranar Talata.

Na shida. Zanen ƙofar gidanmu da ke saman gado ba na sayarwa ba ne, ba na shafi ba ne. Na kasa gama shi don na manta ko ta dama take buɗewa ko ta hagu, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Wanda ya fara zuwa gida a cikinku ya duba, ya gaya wa Auta.

Na bakwai, wayar. Ku natsu a nan. Da fuska take buɗewa. Lambar sirrinta kuwa na canza ta ranar mutuwata ta farko, cikin fushi, don Babba ya daina shiga, kuma fushin ya tafi da lambar. Babba ya sha cewa a kwashe abin da ke ciki a adana a wani wuri a sama, na ce muryar matata ba za ta kwana a ɗakin da ban san mai shi ba. Saboda haka in wayar nan ta mutu, in aka kunna ta lambar za ta nema, shi ke nan an rufe har abada. Ni zan mutu, ita kada ku bari. Cajarta ita ce mai ɗaurin jan zare.

Na haramta wa kowa ya kara ta a fuskar gawata. Na san wanda tunanin ya zo wa, ba sai na kama suna ba. Ko an gwada ma ba za ta yi ba. Ranar da Babba ya sa ni a gaba wai sai wayar ta haddace fuskata, a murtuke nake, don ya katse mini aiki. Fuskar da ta sani ke nan. In na yi murmushi sai ta ce ba ta gane ni ba. Ni kuwa ina sa ran in tafi da sakakkiyar fuska, tunda zan rabu da sabunta manhaja.

To ga abin da ba ku sani ba. Ranar da Mamana ta banko ƙofa da takalmi ɗaya, bayan ta gama kuka, sai ta fizgi wayar za ta goge shafin. Ta kalle ta da fuskar nan, girar sama ta haɗe da ta ƙasa, wayar ta buɗe. Ita ba ta lura ba, ni na lura. Daga baya na sha miƙa mata wai ta duba mini lokaci. Tana cikin walwala, ko motsi wayar ba ta yi. Na gwada tsokanarta da kaina, na ce mijinta ya yi ƙiba, ta ɓata rai, bai isa ba. Sai da na ambaci sunan wanta. Nan take ta buɗe.

Ga yadda lamarin yake ke nan. Mamana, ke ce makulli, amma ba ki san ta inda ake kwashe saƙonni ba, ke da har yau kike kiran Auta ya rage miki hasken waya. Babba, kai ka san hanya, amma ba ka da fuska. Kuma fuskar ba ta fitowa sai kana kusa. Saboda haka na yi umarni, bayan an kai ni, ku zo ɗakin nan ku zauna a kan doguwar kujera ɗaya, Auta a tsakiya saboda tsaro. Babba ya buɗe baki ya yi bayanin dalilin da ya sa bai gyara hoton nan da wuri ba. Ba zai kai ƙarshen jimla ba wayar za ta buɗe. Daga nan ka yi sauri ka kwashe komai, kowa ya samu nasa, sannan ka ba ƙanwarka haƙuri na gaskiya, ba irin na shafi ba. Ke kuma Mamana ki karɓa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, ba a taɓa jin ɗaya ya toshe ɗaya ba.

Kafin ku tashi, ku kunna saƙon da ke can ƙasa, na ƙarshe da ta aiko mini. Ba wata babbar magana ba ce. Cewa take in taho da sabulu, in kuma gaya wa yaran nan su daina faɗa, tana jin su tun daga matakala.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu saye da rai, ba masu yabo bayan mutuwa ba. Na yafe muku, ku yafe mini, ku roƙa mini gafara a inda ba a ƙirga mabiya. Ku riƙe juna, ku riƙa hawa matakalar juna ba sai an ga hoto baƙi da fari ba. Idan kuma wata rana kuna zaune ku uku, Babba yana zuba, Mamana ta ɗauki wayar nan ta kalla ta ƙi buɗewa, kada ku kai ta wurin mai gyara. Ku sa ta a durowar ƙasa tare da 'yan'uwanta. Ta gama aikinta, ni ma na gama nawa.