Karnukan da Ka Bar Mani

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin Jos? Da fatan Hajara da yara suna lafiya. Mu nan garin Isa sai godiya. Damina ta sake yi muna rowa, rijiyar unguwa laka take bayarwa.

Littafin da ka aiko maimakon ka zo ta'aziyyar Inna ya iso, na karance shi tas. Mutumin ciki ya cika shafuka yana kukan uwarsa a bakin kogi. Na taya shi murna. Yana da kogi, kuma ƙanensa bai bar mashi karnuka biyu masu girman maruƙa ba.

Ranar addu'ar uku, baƙin karen ya tsinke igiya ya tsoma baki cikin randar da muka cika domin masu gaisuwa. Liman ya ce a zubar, a wanke randar sau bakwai. Da wane ruwa? Kawu Audu ya dube ni ya ce, "Bello, autan marigayiya bai zo ba, amma ya turo wakilai." Haka aka shafa fatiha kowa da ƙishi.

Geron da ya rage ba ya isar yara da karnuka. Ranar kasuwa za ni miƙa karnukan naka ga maharban Gangara. Kada rabuwar ta dame ka, na ga ka iya jure rashi daga nesa.

Ka sa Inna cikin addu'a in ka samu lokaci, ka roƙa muna ruwa. A gaida Hajara da yara.

Yayanka,
Bello