Murjanin Marigayi Timoti da Aka Shanya a Rana

Daga: Elias Dogo, Gubuchi.
Zuwa ga: Mai Girma Kantoma, Ofishin Ƙaramar Hukuma.
14 ga Nuwamba, 1986.

Ranka ya daɗe,

Game da: Murjani mai rai da Kwamitin Baje-Kolin Amfanin Gona ya ɗauka a gidana.

Bayan gaisuwa da ban girma, ni ne Elias Dogo, manomi, mahaifin marigayi Timoti, sojan ruwa. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Wannan ce ta farko.

1. A hutunsa na ƙarshe, ɗana ya zo da akwatin gilashi, da gishirin teku, da murjani mai rai mai tsiro a cikin teku, ba irin wanda mata ke sawa a wuya ba. Ya koya mini riƙonsa. Sabon ruwa sai ya yi makonni da duwatsun tsohon ruwa kafin a sa murjani. Haske kuma da kaɗan ake farawa, kamar yadda ba a fitar da jariri rana. Ya koma bakin aiki, can ya rasu a teku. Ko gawarsa ba a kawo mana ba. Tun daga nan da batirin mota nake kunna fitilar akwatin da famfon da ke juya ruwansa, duk da wannan matsin tattalin arziki.

2. Ranar 10 ga wata, shugaban kwamitin, Malam Abdulsalami, ya zo ya ce za a nuna wa manyan baƙi abin mamaki, sun ma sayi sabon akwati. Na ce ruwansu bai nuna ba. Ya ce umarni ne daga sama.

3. Ranar 12 ga wata suka cika akwatin da ruwan rijiya da gishirin miya, suka zuba murjanin nan take. Suka ajiye shi tsakiyar fili, kusa da damman dawa, wai duk abin da ke tsiro rana yake so. Ban ce mugunta ce ba. Manoma ne irina. Amma na faɗa, ba a ji ba.

4. Kafin a tashi ya yi fari kamar ƙashi, mutane suna ta yaba kyansa. Matata Angelina, wadda kullum safe take gaishe shi da sunan ɗanta, ta juya ta kama hanyar gida a ƙasa.

5. Reshe ɗaya bai gama mutuwa ba, na ga sauran launi a jikinsa. Yana kulle a siton kwamitin, cikin duhu, babu famfo. An ce mai makulli ya yi tafiya.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya sa a buɗe siton yau, a ba ni reshen. Ba diyya nake nema ba. Tsohon ruwan yana nan, fitila na ci a kan duwatsu. In kuma an tarar ya mutu, duk da haka a ba ni, mu binne shi. Wancan karon ba mu sami abin binnewa ba.

Allah ya ja zamanin Mai Girma.

Naka mai biyayya,
Elias Dogo.