Tsakanin Sha da Shafa

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da 'yarmu Gimbiya, da kuma baƙon da muke jira. Yaya nauyin jiki? Inna ta ce min hawan jinin nan ya ƙi sauka, fuska da ƙafa duk sun kumbura, kuma likita ya ce idan lokaci ya yi tiyata za a yi miki. Allah ya raba lafiya.

Kin aiko cewa na sami aikin asibiti na manta da ku. Ba mantuwa ba ce, Yaya. Bincike muke yi a kan fatar mata da lafiyar jikinsu, ni kuma aikina yin tambaya. Kin san ni da surutu, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ɗakina ɗan ƙarami ne a bayan wurin ɗibar jini: tebur, kujeru, da wata fanka mai kuka kamar jinjiri. Mata su shigo, in gwada jininsu, in duba gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu, sannan mu hau hira.

Wani abu ya daɗe yana ɗaure mana kai. Mata da yawa suna zuwa da hawan jini da suga, fuska ta yi suntum, fata ta yi laushi har ana ganin jijiya, duk alamun wanda ya daɗe a kan wani magani mai ƙarfi. Amma duk wadda na tambaya ko tana shan wani magani sai ta ce a'a, wasu har da rantsuwa. Babbar likitarmu ta fara zargin ƙarya suke yi, ni kuma na fara zargin kunnena.

Kwanakin baya sai ga wata mai ɗinki, mace mai barkwanci. Na yi mata tambayar, ta ce ita ko na ciwon kai ba ta sha. Tana laluben katinta a jaka sai wata 'yar kwalba ta faɗo. Ta ce man haɗi ne, na hasken fata. Da na tuna mata yanzu ta ce ba ta shan komai, sai ta dube ni sama da ƙasa, wai ina na taɓa ganin mai hankali ya sha man shafawa? Ni sha na tambaya, ita kuwa shafawa take yi.

Aka kai kwalbar ɗakin gwaji, sai ga maganin nan a cikinta. Ashe fata ba bango ba ce. Abin da aka shafa mata sha take yi, ta miƙa wa jini. Kuma ashe babu wadda ta yi mana ƙarya. Tsakanin sha da shafa "fa" ce kawai, ita muka bari a baya. Yanzu mun gyara tambayar.

Na ce bari in ba ki labari, ko kya yi dariya. Ki shafa min kan Gimbiya.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Direban da ya kai miki wasiƙata ya ce a hannunki ya sa ta, amma shiru, wayata ma kin daina ɗauka. Don haka na san kin gane ba don dariya na ba ki labarin mai ɗinki ba. Zagaye-zagaye na yi, irin na gidanmu. Yau zan faɗa kai tsaye, tunda alƙalami ba ya jin nauyin da baki ke ji.

Na ga kwalbar nan mai shuɗin murfi a bayan madubinki, wadda aka ɓare wa takarda. Inna ma ta gan ta. Shekara da shekaru duk wanda ya ce kin yi haske sai mu ce hutu ne, alhali mun san kalar Baba muka ɗauko ni da ke. Kara muka yi miki, kuma ban ga laifinki ba, don na san irin maganganun da kika sha tun muna yara.

Amma tsoro nake ji, Yaya. Na tabbata likitanki ya tambaye ki ko kina shan wani magani, kin ce a'a, kuma gaskiya kika faɗa. Shi kuwa yana ta ƙara miki ƙwayoyi, bai san inda gizo ke saƙa ba. Babbar likitarmu ta ce jikin da ya saba da wannan magani sai an yi masa shiri na musamman kafin tiyata, kuma fatar ba ta riƙe ɗinki da kyau. Ba na so a shiga da ke ɗakin nan likita bai sani ba.

Kada ki daina shafawa farat ɗaya, wannan ma haɗari ne. A hankali ake janye shi. Ki dai sa kwalbar a jaka ranar awo. Idan fushi za ki yi da ni, ki yi, in dai kina raye kina yi.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Zuwana na ƙarshe Gimbiya ta tambaye ni ko ita ma idan ta girma za ta yi fari kamar mamanta. Sai na aike ta ɗebo min ruwa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta

*

Auta sarkin surutu,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da fankarki. Wasiƙunki sun iso, na yi fushi har na gaji. Maigida ya ce tunda yake bai taɓa ganin mutum yana faɗa da takarda ba.

Ranar awo likita ya sake tambayata ko ina shan wani magani. Na ce masa ba na sha, amma fa ina shafawa, na ajiye masa kwalbar a kan tebur. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ko gezau, sai ma godiya da ya yi min, ya kira wata likitar fata suka tsara yadda zan rabu da man sannu a hankali.

Sauran kin ji a bakin Inna: an yi tiyata lafiya, ɗinkin ya ba da wahala amma ya kama, ɗanki yana nan sai tsotso da barci. Jinin ma ya fara sauka.

Ban zama jaruma ba, kada ki yi ta yaɗawa. Fuskata ta yi dabbare-dabbare, wasu masu zuwa barka suna tambaya ko wahalar jego ce, kuma akwai safiyar da nake duba madubi in ji kamar in yi kuka. Amma jiya ina shayar da jariri, Gimbiya ta zo ta jera hannunta da nawa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ruga ta gaya wa babanta wai yanzu kowa ya gan mu zai san ni na haife ta.

Ki zo ki ga ɗanki.

Yayarki