Ministan da Aka Sauke a Ɗakinmu na Baya

Zuwa ga Yaya Chilbok, a Hanyang, birnin sarki.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ƙafar da ke damunka?

Yaya, ka san wa hukuma ta sauke mana? Ha Jinmuk, wanda ya yi babban minista kafin fada ta juya masa baya. An koro shi tsibirin nan, hakimi ya ce gidanmu zai zauna. Na zaci ƙato zan gani, sai ga wani tsamurarren tsoho mai tari, ya yanke tukkunsa ya yi aski irin na mutanen ƙetare. Masunta har sun sa masa Kan Ƙwarya. Surukata ta ce shi ya lalata ƙasa, ba za ta yi masa hidima ba, don haka ni ke kai masa sha'ir da miyar ciyawar teku.

Ina tsayawa bakin ƙofa in ji hirarsa da masunta. Wai bawa da ɗan sarauta duk mutum ne, kuma ƙasar da ta rufe tashoshinta wata rana da igwa za a buɗe mata su. Ya ce shi ɗan ƙwarƙwara ne, har ubansa ya mutu ba a yarda ya kira shi Baba ba.

Kai da ke birni, da gaske shi ya rubuta dokar da ta yarje wa matar mamaci ta sake aure? Wata ce ta sa ni tambaya.

Ƙanwarka, Okbun.

*

Yaya Chilbok,

Ina gaishe ka. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi.

Ka gane ni, babu wata, ni ce. Mansu mai dafa gishiri ke nemana, dangin marigayi mijina kuwa sun ce in na kuskura za su naɗe ni a tabarma su yi mini duka a gaban gari.

Jiya na ajiye wa tsohon abinci na ƙi tashi. Na ce, "Ranka ya daɗe, dokar nan taka ta iya hawa jirgin ruwa kuwa? Don ba ta iso nan ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "'Yar nan, ko tsakar gidana ba ta tsallaka ba." Ashe yana da 'ya da mijinta ya rasu tana ƙarama, har yau tana ɗakin ciki da fararen kayan takaba. Ya ja da majalisa gaba ɗaya, amma ya kasa ja da baffanninsa. Ban san ko tausayinsa na ji ko haushi ba. Wane irin mutum ne wannan, Yaya?

Taka, Okbun.

*

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. An ɗaura aurena da Mansu.

Ranar, dangin marigayi sun zo da sanduna. Sai ga tsohon ya fito cikin tsohuwar rigarsa ta fada, ya zauna a tabarmar uban amarya, ya ce duk mai magana ya zo ya yi da shi. Ka ga ikon riga: mutanen da ke ce masa Kan Ƙwarya suka kasa ɗaga kai. Daga baya ya ce mini abin ya ba shi kunya, rigar da ya yi shekaru yana yaƙi da ita ce ta yi aikin da dokarsa ta kasa.

Bayan sati jirgi ya zo da sojoji. Sun rusuna masa har ƙasa, sannan suka ɗaure masa hannu. Ba wanda ya gaya mana ko kujerarsa za a mayar masa ko ƙoƙon guba za a miƙa masa.

Don girman iyayenmu, Yaya, ka bincika. Kome ka ji, ka rubuto mini yadda yake, kar ka sassauta. Mansu na gaishe ka.

Ƙanwarka, Okbun.