Sai An Ɗebi Jinin Taguwa

Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya yara? A gaishe min da kowa da kowa.

Ina nan lafiya lau, aikin da ka samo min yana tafiya. Na ji kana gaya wa mutane ni mataimakin likita ne. Igiya dai nake riƙewa. Likita yakan ɗebi jinin raƙumi, ya yi masa allurar kashe jiki, sai leɓe ya saki, yawu na dalala, ya durƙushe. Sannan a sake ɗiba a kan lokaci, a ga yadda sukari ya hau, jini ya tsinke.

Makon jiya wata taguwa ta kwanta a kan ƙafata. Na kurma ihu. Likita ya dubi agogo ya ce, "Kada wanda ya taɓa ta, in ta firgita jinin ya ɓaci." Haka na zauna ƙarƙashinta har ya cika kwalabensa. Na roƙi ko ragowar allurar, ya ce ta raƙuma ce, tana da tsada.

Alhamdu lillahi, sakamakon taguwa ya yi kyau. Ƙafar ce dai ba za ta ƙara taka ƙasa ba. Ka ce wa Inna targaɗe ne.

Ka dame ni in nema wa autanka aiki a nan. To, gurbi ya samu, igiyata na nan a rataye. Ka turo shi.

Allah ya saka maka da irin alherin da ka yi min.

Ɗanka.